Kilishin da Moutari Ya Shanya a Lyon

Duk wanda ya zauna a unguwar Château Rouge ta Paris a shekarun nan ya san Moutari, in ma bai san shi ba to ya san gashin bakinsa, don shi ke riga shi shiga butik. Baƙi ne wuluk, a murɗe gefe da gefe kamar ƙahon rago, kuma kullum da safe sai ya sha man kaɗe da turare kafin mai shi ya kurɓi shayi. Moutari dillalin atamfa ne, ɗan Madawa, shekara arba'in da 'yan kai, kuma a iya saninsa babu abin da ke ƙarƙashin sama da ya fi ƙarfin kansa. Damuwarsa guda ce a duniya, an haɗa shi zama da mutanen da ba sa tunani. Abin yana ci masa rai ƙwarai, yakan kuma faɗa musu kullum, don shi ba ya munafunci.

Cikin Janairun 1985 aka yi wa Alhaji Ilya, mai babban butik na kayan abinci a unguwar, jika namiji. Ragon suna a Maradi za a yanka shi, can gida. Na baƙin Paris kuwa, Alhaji ya aika kasuwar Rungis aka kawo cinyar sa guda sukutum, aka aza ta kan teburi a bayan butik. Matarsa Hajiya Rékia tana jujjuya ta tana tunanin tukwane, maza kuma sun kewaye na'urar ɗumama ɗaki suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba.

Ɗan Juma wanzami, wanda zai yi wa jariri aski ranar suna, ya dubi naman ya yi ajiyar zuciya. "Kai, da a gida ne, wagga cinya ai kilishi ce. To amma ƙasar da rana ke leƙowa kamar mai jin kunya, ina za a yi kilishi?"

Kowa ya ce haka ne. Kowa ban da mutum ɗaya.

"Wa ya ce?" in ji Moutari.

"Wa ya ce mi?"

"Wa ya ce ba a kilishi a Faransa?"

"Haba Moutari, ai kowa ya sani."

"Kowa! Shi kowan nan ɗan wace unguwa ne? Ku kawo mini shi in gan shi. Kun ji, kun haɗiye, ba wanda ya tauna. Ni da na tashi bangonmu ɗaya da rumfar mahauta a Madawa za ku gaya wa kilishi? Paris ce ba ta da rana. Faransa ai ba Paris ba ce kaɗai. Ina kuka bar Lyon?"

Moutari ya murɗa gefen dama na gashin bakinsa, ya bar maganar ta jiƙa.

"Lyon kudu ce," ya ce a hankali, kamar mai koya wa yara. "Kudu kuwa rana."

Nan fa majalisa ta juya. Wani ya ce gaskiya ne, ya ji ana cewa a Lyon da singileti ake yawo har cikin Janairu. Wani ya ce can ne ma Turawa ke zuwa su gasa bayansu. Babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa wuce tashar Paris da ake hawa jirgin Lyon, amma duk suka tabbatar da zafin garin kamar can aka yanke musu cibiya.

Hajiya Rékia kaɗai ba ta motsa ba. "Moutari, wannan shi ne naman baƙina, babu wani. In ka lalata shi, mi zan zuba musu kan shinkafa? Gashin bakinka?"

"Na sa shi!" Moutari ya miƙe tsaye. "Hajiya, na sa shi, jama'a shaida. In ban kawo kilishi ranar suna ba, Ɗan Juma ya aske shi a gaban kowa."

"Askata na nan," in ji Ɗan Juma. "In na gama da ƙaramin jariri sai in juyo kan babban."

Alhaji Ilya mutum ne mai natsuwa, amma sunan da aka raba kilishi sabo a tsakiyar Paris, wanda ba a taɓa yi wa jikan kowa ba, ya yi masa daɗin ji. Ya ce a ba shi cinyar. Hajiya ta dubi mijinta, ta dubi cinya, ta wanke hannunta ta fita.

Washegari Moutari ya hau sabon jirgin ƙasan nan mai gudu, da cinya cikin akwati, da ƙullin ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari da barkono, da hular malafa a kansa saboda rana. Tun daga rabin hanya ya ga gonaki sun yi fari fat, ya ce wa kansa auduga ce. Da ya sauka a Lyon iska ta mare shi mari guda, hawaye suka zubo, kafin su kai gashin baki sun daskare.

Soumaïla, ɗan yayarsa da ke karatun haɗa magunguna a garin, shi ya tarye shi, a naɗe cikin mayafi har hanci. Suka gaisa a gurguje, don leɓɓa ba sa haɗuwa.

"Kawu, wannan malafar fa?"

"Ina ranar taku?"

"Wace rana? Kawu, rabonmu da ita tun kafin sabuwar shekara. Rediyo ma cewa take an jima ba a ga sanyi irin na bana ba."

"An gaya mini nan kudu ce."

"Kudun Paris ce, kawu. Ba kudun Allah ba."

Moutari ya ji haushin yadda gari guda zai haɗa baki ya ci amanarsa. Suka hau bas zuwa Rillieux-la-Pape, inda Soumaïla da matarsa Balkisa ke zaune can saman wani dogon bene, gida mai 'yar baranda da igiyar shanya. Balkisa ta ga cinya ta ji labari, ta riƙe baki.

"Kawu, ka bari in sa ta cikin firigo, ka mayar wa Hajiya abinta lafiya. Ba wanda zai ce komi."

Ba wanda zai ce komi! Ita ba ta san Ɗan Juma ba. Moutari ya shafa gashin bakinsa, ya ji yana nan, ya nemi wuƙa.

Yankan kilishi aikin gwanaye ne, ana fere tsoka a shimfiɗe ta sirara har ka hango hannunka ta ciki. Na Moutari ya fito wani kamar tafin takalmi, wani kamar kunnen jaki, ɗaya ma da ɗan jinin babban yatsansa a haɗe. Ya kwashe matsen shanyar Balkisa kaf, ya jera nama kan igiya, ya rufe ƙofar baranda ya zauna jiran rana. Ba ta zo ba. Dusar ƙanƙara ce ta zo a madadinta.

Da gari ya waye ya fita da fargaba, ya taɓa yanka ɗaya. Tauri! Ya taɓa na biyu. Kamar katako! Ya ciro biyu ya gwara su, suka ce ƙwas-ƙwas. Moutari ya tsaya cikin iska da silifa, bakinsa a buɗe, don shi kansa basirarsa ta ba shi tsoro.

"Soumaïla! Balkisa! Ku zo ku ga abin da kakanninmu suka kasa ganewa!"

Suka leƙo daga bakin ƙofa.

"A Madawa sai an yini ana gadin nama cikin rana ana korar ƙuda. Ni dare guda, ba ƙuda ko ɗaya. Ashe ba rana ke busar da kilishi ba, iska ce! Shekara da shekaru ana yaudarar mutane."

"Kawu," in ji Soumaïla, "ba bushewa ya yi ba. Daskarewa ya yi. Ƙanƙara ce."

"Ji shi. An tura ka karatu ka koyo musu. Mai tauri ne ko ba mai tauri ba?"

"Mai tauri ne, amma..."

"Busasshen nama tauri gare shi ko laushi?"

"Tauri, amma kawu..."

"To mi ya rage?"

Balkisa ta miƙo hannu. "Ba ni guda in shiga da shi kicin, mu gani."

Moutari ya ɓoye su a bayansa. "Kicin? Cikin tururin miya? So kike ki ɓata mini aiki. Ba yankan da zai shiga ɗaki sai ranar tafiya."

"To ɗanɗana mana, kawu."

"Almajiran sana'a ke ɗanɗane. Gwani da kunne yake ji." Ya sake gwara su, ƙwas-ƙwas.

Ya dama labu, wato kwaɓin ƙuli-ƙuli da yaji da ake tsoma kilishi ciki, ya fita da shi baranda ya shafe kowane yanka, yatsunsa na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya kai ƙarshen igiya na farko ya sandare. Ya ce ka ga, har labun ma ya yarda da shi.

Maƙwabta suka fara leƙe. Wani tsoho ɗan Aljeriya da ke barandar gefe ya tambaya ko rufin ɗaki yake sayarwa. Wata mata daga benen da ke fuskantarsu ta kira 'ya'yanta su zo su gani, sannan ta ja labule. Ana haka iska ta fizge yanka ɗaya mafi kauri, ya sauko yana juyi kamar faifai, ya dira kan motar mai gadin benen ya ce ƙwal, ya tsage biyu. Mai gadi ya hawo da rabin a hannu, fuskarsa ja, ya tarar Moutari ya hura gawayi cikin tsohuwar tukunyar Balkisa, don kilishi sai an ɗan gasa shi a ƙarshe. Hayaƙi ya riga ya cika barandar sama.

"Wuta? A bene? Ça va pas, non?" Mai gadi ya ɗebi ƙanƙara da hannu biyu ya danna cikin tukunya, ta ce cuu. Ya yi ta faɗa da Faransanci mai sauri, yana nuna mota, yana nuna igiya, yana nuna Moutari. Soumaïla ya yi ta ba da haƙuri har ƙasa.

Da Soumaïla ya dawo Moutari na zaune ya harɗe. "Ya taimake ni bai sani ba. Na yi tunani. Gashin nan na ƙarshe, wa ya ce dole ne?"

"Kowa, kawu," in ji Balkisa.

"Kin ga? Kowan nan dai. Ya biyo ni har Lyon."

Da yamma ya sauka rumfar tarho ya kira butik. "Alhaji, ina wuni, ina gajiya, ina mai jego, lafiya lau, to saurara. An gama! Kilishin da ba a taɓa yin irinsa ba. Ka gayyato kowa, har 'yan Nijeriya na Saint-Denis, su zo su ga yadda ake yi. Ka ce wa Hajiya kada ta wahalar da kanta da wani nama. Ka ce wa Ɗan Juma ya bar askarsa ta huta."

Daga nesa ya jiyo muryar Ɗan Juma cikin tarho: "Ce masa yanzu na gama wasa ta!"

Ranar suna da sassafe ya jera kilishinsa cikin akwati tsakanin jaridu, a baranda, ya rufe. Ya sa farar babbar riga mai aiki, ya murɗe gashin baki har ya kusa taɓa kunne. Balkisa ta raka shi bakin ƙofa.

"Kawu, bari in kalle shi da kyau."

"Kilishin?"

"A'a, gashin bakin."

Cikin jirgi ɗumi ne mai daɗi, irin wanda ke sa mutum gyangyaɗi. Moutari ya aza akwati a kan maratayar kaya, daidai saman wata tsohuwar Baturiya mai farar rigar gashi da ɗan kare a cinya. Ya zauna yana tsara jawabin da zai yi. Zai fara da yafe wa Ɗan Juma, don manya da yafiya aka san su.

Ba a yi nisa ba ɗan karen ya ɗaga hanci sama. Can sai ɗis, kan hular matar. Ɗis, kan kafaɗa. Ja ne, da maiƙo, da ƙamshin citta. Karen ya fara lasar uwar ɗakinsa da himma. Matar ta shafa kafaɗa ta dubi hannunta, ta kurma ihun da ya tada rabin taragon.

Mai duba tikiti ya iso da gudu. "Akwatin wa ke nan? Me ke ciki?"

"Nawa ne. Kilishi."

"Jini ne yake zuba, monsieur!"

"Mai ne. Kilishi mai kyau yana zufa." Moutari ya faɗi haka da ƙarfin zuciya, ko da yake bai taɓa jin wanda ya ce haka ba sai yanzu da ya ji daga bakinsa, kuma ya yarda.

"Buɗe mu gani."

"A cikin wanga tururi? Ba ka san aiki ba."

Aka sasanta a kan ya ɗauki kayansa ya koma tsakanin taragu. Can ya tsaya rungume da akwati har Paris, yana mamakin yadda kilishi ke ƙara nauyi ta ƙasa, yana kuma jin wani abu na motsi ciki in jirgi ya yi kwana, lumtsum, lumtsum. Ya ce jaridu ne. A metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutane suka ba shi fili mai faɗi, abin da bai taɓa samu ba a layin Château Rouge, ya ɗauka girmamawa ce. Gaban farar rigarsa ya koma launin miyar taushe.

An yi hayar wani zaure kusa da butik, ya cika maƙil. An raɗa suna tun da safe, an yi wa jariri aski, shinkafa ta dahu tana jiran abokin tafiya. 'Yan Nijar, 'yan Nijeriya, har da Sanagalawan unguwa da suka ji labarin kilishi. Moutari ya shigo, karnuka biyu da suka biyo ƙamshin akwatin suka tsaya a bakin ƙofa suna jiransa.

"Ga shi nan!" aka ɗauka. Alhaji Ilya ya taso da fara'a, ya ga rigar, fara'ar ta tsaya a rabi.

"Moutari, hatsari kuka yi?"

"Alamar aiki ce, Alhaji." Ya dire akwati kan teburin tsakiya, ya ɗaga hannu. "Jama'a! An ce muku ba a kilishi a Faransa, kun yarda. An ce sai da rana, kun yarda. An ce sai an gasa, kun yarda. Ni kaɗai na tsaya na ce, wa ya ce? Yau ga amsa. Ɗan Juma, na yafe maka tun kafin ka roƙa."

Ya ɓalle maɓallan akwati ya ɗaga murfi.

Abin da ke ciki ya yi ɗan jim, sannan ya gangaro. Ɗanyen nama ne lakaf, yana iyo cikin jan ruwa da kunun ƙuli-ƙuli, jaridu sun narke sun manne masa, har ana iya karanta labarin ƙwallo a jikin wani yanka. Guda ya silalo daga bakin teburi ya faɗa kan takalmin liman, ya ce laɓ.

Sai wani Bakano daga baya ya ce, "Malam, wannan kilishin ko sa ɗin bai gama mutuwa ba?"

Dariya ta ɓarke kamar rufi zai faɗo.

"An canza mini akwati!" in ji Moutari.

"Da sunanka a jiki," in ji Ɗan Juma.

"To jirgi ne! Ɗumin jirgi! Da safe ƙwas-ƙwas yake, Soumaïla shaida ne!"

"Kilishin Madawa har Makka ake kai shi cikin zafi," in ji wata tsohuwa, "ban taɓa jin ya koma sa ba."

"Wannan sabon iri ne. Ba ya son ɗaki. Ku fito da teburin waje, ku ba shi ɗan lokaci, ku gani in bai..."

"Mu ci sunan jikana a kan titi cikin ƙanƙara?" in ji Alhaji Ilya.

Hajiya Rékia ta ratso jama'a. Ta ɗaga yanka ɗaya da yatsa biyu ta sunsuna, ta ɓare jaridar, ta kira mata aka kwashe akwatin gaba ɗaya zuwa kicin. Aka wanke abin da ke wankuwa, aka yayyanka, aka soya da sauran yajin. Baƙin da aka kira cin rana ba su sa loma ba sai bayan la'asar, kuma duk tsawon jiran ba wanda ya gaji, don ga Moutari a tsakiya ana ta juya shi.

Da aka ci aka wanke hannu, Ɗan Juma ya jawo kujera tsakiyar zaure, ya shimfiɗa tawul, ya buɗe aska.

"Bismilla, babban jariri."

"Tsaya!" Moutari ya rufe bakinsa da hannu, yana magana ta tsakanin yatsu. "A yi adalci. Jama'a, kun ci nama ko ba ku ci ba?"

"Mun ci."

"Yajin ya yi daɗi ko bai yi ba?"

Aka ce gaskiya yaji kam ya yi.

"Wa ya haɗa shi? Ni! Kilishi kuwa abu biyu ne, yaji da bushewa. Yaji ya samu. Ke nan rabin aikina ya yi. Wanda ya ci rabi ba a yi masa hukuncin wanda ya faɗi duka. Ko ba haka ba, liman?"

Liman yana goge takalminsa, ya ce shi dai a bar shi daga ciki. Aka dubi Hajiya, don naman nata ne. Ta goge hannu da gefen zane, ta yi murmushin farko tun ranar da aka kawo cinya.

"Moutari ya yi gaskiya," ta ce. "Ba za a zalunce shi a sunan jikana ba. Rabin aikinsa ya yi. Ɗan Juma, aske rabi."

Moutari ya buɗe baki zai yi godiya, sai maganar ta iso masa. Kafin ya miƙe, maza huɗu sun dafa kafaɗunsa cikin ladabi. Aska ta yi tafiya biyu, gefen hagu ya sauka kan tawul a murɗe yadda yake. Ɗan Juma ya goge aska, ya naɗe ta, ya sa aljihu, ya miƙo masa madubi.

Moutari ya duba. Ta dama Moutari ne na Château Rouge. Ta hagu wani yaro ne da bai sani ba. Ya juya dama, ya juya hagu, mata na riƙe ciki, yara na faɗuwa ƙasa.

"Ɗan Juma," ya ce ƙasa-ƙasa, "ƙarasa."

"Wa? Ni? In ci maka haƙƙi?"

"Don Allah ƙarasa. Ba a yawo da rabin gashin baki."

Ɗan Juma ya ɗauki jakarsa ya rataya. "Ni dai an ce mini rabi. In kana son sauran, tashi ka gaya wa jama'a da bakinka cewa aikin duka ne ya lalace."

Moutari ya dubi madubi, ya dubi jama'a, duk an miƙo kunne. Ya ja numfashi, ya miƙe tsaye, ya kai hannu ya murɗa gefen da ya rage.

"Rabi ya yi," ya ce. Ya ɗauki akwatinsa ya fita, karnukan suka bi shi.